Tambarin Bayan Na'urar Ubaidu

Tungar Daso a cikin kwari take, bayan Horo Birni, a ƙasar Shagari. Gidaje ne 'yan kaɗan na manoman gero da albasa, tudu ya zagaye su ta gabas da arewa. Ruwa yana kwanciya a wurin, shi ya sa albasarsu take yin kyau, amma tudun da ya tara musu ruwa shi ne ya tare musu sabis. Waya kam kowa yana da ita, sai dai a cikin gari amfaninta bai wuce haska hanya da sauraron karatu ba. Wanda yake son kira sai ya hau tudun gabas, ya wuce gonar maigari, ya tsaya gindin wata aduwa yana ɗaga hannu sama ko Allah zai sa kiran ya shiga.

Babu wanda ya hau tudun nan kamar Ubaidullahi, wanda kowa yake kira Ubaidu. Mutum ne mai sanyin magana, manomin albasa tun yana saurayi. Shi da matarsa Tani sun haifi 'ya'ya uku, biyu sun koma tun suna ƙanana, aka bar su da Ilham. Ciwon da ya ɗauke yayyenta shi ne a jikinta, wato sikila. In ya tashi, ƙasusuwanta ne suke ciwo kamar ana sara su, har sai ta cusa bakin zane a baki tana cizo don kada maƙwabta su ji. Asibiti yana Shagari, kuma ba a iya ɗora ta a mashin, don kowane rami kamar an karya ta ne. Sai dai a kira Murtala, wani mai tsohuwar mota a Shagari da ya san gidan, ya san hanyar. Kiran Murtala kuwa yana nufin Ubaidu ya bar 'yarsa tana birgima a tabarma, ya ruga tudu, ya tsaya yana roƙon waya.

Akwai wata damina da ya daɗe a gindin aduwar kiran bai shiga ba. Da aka isa asibiti a ƙarshe, idon yarinyar ya yi fari fat, sai da aka ƙara mata jini. Malamar asibitin ta yi masa faɗa, ta ce in ya sake yin wannan jinkiri gawa zai kawo musu. Ina zai fara bayanin tudu da aduwa?

Da rani ya yi, ya cire albasarsa ya kai Bodinga ya sayar, sai ya biya shagon wani mai kayan waya da sola da ake kira Ɗanmusa don ya canja batir. Hira ta kawo hira, ya ba shi labarin kwarinsu. Ɗanmusa ya yi dariya, ya ce ai wannan tsohuwar matsala ce, an daɗe da gama da ita. Ya shiga ciki ya fito da wani kwali. A ciki akwai wata na'ura mai girman allon yara, da doguwar waya baƙa a nannaɗe, da eriya mai haƙora kamar ƙashin kifi. Ya ce sunanta busta. A ɗaga eriyar sama a fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis, ita kuwa na'urar ta jawo sabis ɗin ta zuba a cikin ɗaki.

Ubaidu ba mai gaggawa ba ne. Ya taɓa ji a rediyo ana gargaɗi game da kayan sadarwa marasa tambarin hukuma, don haka ya tambaya ko wannan an yarda da ita. Ɗanmusa ya juya bayan na'urar ya ɗora masa a tafin hannu.

"Duba nan da kyau, Malam. Wanga na Turai na, wanga na Amurka, wanga koren kuwa namu na na gida. Abu da tambari har ukku, wa ka hana ka?"

Ubaidu ya duba. Biyu a jikin ƙarfen na'urar aka buga su, baƙaƙen Turawa ne a lanƙwashe. Na ukun kore ne mai sheƙi, da lamba a ƙarƙashinsa. Shi dai karatun allo ya yi da na littattafai, boko bai wuce haɗa baƙi ba, amma ya san darajar tambari. Da tambari yake gane buhun takin kirki da na yashi. A asibiti ma an koya masa kada ya ba Ilham maganin da babu lambar hukuma a kwalinsa, kuma bai taɓa saɓawa ba. Ya shafa koren da babban yatsansa, zuciyarsa ta kwanta. Abin da ya yi niyyar sayen ɗan maraƙi da shi, shi ya bari a shagon.

Maƙwabcinsa Lawali ne ya taya shi ɗaure eriyar a kan doguwar gora suka kafa jikin zaure. Aka haɗa da solar gidan, aka kunna. Da farko shiru. Sai wayar Lawali ta yi ƙara a aljihu, ta Ubaidu ta bi, saƙonnin da suka daɗe a maƙale suka riƙa shigowa a jere. Mutanen da suka taru kallo suka fara lalube aljihu, kowa yana dariya kamar an yi masa bushara.

Daga ranar zauren Ubaidu ya zama dandalin gari. Maza su zo da hantsi su ji farashin albasa daga bakin dillalan Sakkwato kafin su ɗaura buhu. Mata su bi ta ƙofar Tani su tsuguna jikin bangon zauren ta ciki. Wata tsohuwa da ɗanta ya tafi Kurmi ya daɗe ta ji muryarsa, ta kasa cewa komai sai kiran sunansa. Maigari da kansa yakan aiko a shimfiɗa masa buzu. An so a riƙa ba Ubaidu wani abu, ya ƙi, ya ce ba don haka ya sayo ba. Ciwon Ilham ya tashi a cikin wannan lokaci, ya tashi kuma, amma kowane karo yana zaune kusa da kanta ya kira Murtala, hannunsa ɗaya a goshinta. Yarinyar ta fara yin kumatu. Ita ce ma ta fi kowa iya na'urar, ta san in fitilar ta yi ja sai an kashe an sake kunnawa. Tani ta ce tun da aka aurar da ita cikin kwarin nan ba ta taɓa yin barci da zuciya ɗaya ba sai yanzu.

A bayan tudun gabas, can wajen iyaka da ƙasar Bodinga, akwai rugar Altine. Shi da Ubaidu amana ce tun ta iyayensu. Kowace kaka, in an kwashe gero, shanun Altine ne suke sauka gonar Ubaidu su ci kara su bar masa taki, matan rugar kuma ba sa wuce ƙofar Tani ba su sauke ƙwarya ba. Su mutanen rugar da yake ba cikin kwari suke ba, sabis ɗinsu ba shi da ƙarfi amma bai taɓa hana su kira ba. Wata rana Altine ya zo yana ƙorafi, ya ce wayoyinsu sun lalace gaba ɗaya, suna nuna sabis amma kira ba ya fita. Ubaidu ya zolaye shi, ya ce Bafillace ya saba da kiran saniya da baki, me zai yi da waya. Ya ce in abin ya dame shi ya riƙa gangarowa zaure ya yi kiransa. Suka yi dariya. A ƙauyukan gefen ma ana ta irin wannan kuka, wasu su ce kamfani ne bai zuba mai a injin ƙarfen ba, wasu su ce iskar damina ce ta karkata wani abu. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Da kaka, babban ɗan Altine, Auwal, wanda bai daɗe da aure ba, yana kora shanu cikin karan dawa kububuwa ta sare shi a ƙafa. Mashin ɗin rugar an tafi da shi kasuwa. Aka yi ta kiran masu mota, aka yi ta kiran wanda ya tafi da mashin, duk wayar da ke rugar an gwada, babu wadda ta shiga. Aka ɗaure ƙafar, aka ba shi sassaƙe, aka jira. Sai da jini ya fara fitowa ta dasashinsa aka aika wani da gudu ƙauyen gaba ya samo mashin. A Shagari aka ce a wuce da shi Sakkwato. Bai kai ba.

Ubaidu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya kuma yi zaman makoki tare da su kamar ɗan gida. Da mutane suka rage, Altine ya zaro wayarsa daga aljihu ya ajiye a tabarma tsakaninsu.

"Ga ta nan, Ubaidu, tana hannuna tun hwarko har ƙarshe. In kira, ta yi shiru, ta yanke. In kira, ta yanke. Shi kuma yana kallona."

Ubaidu ya ce Allah ya isar musu a kan masu kamfanin nan da ba su damu da talaka ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ana cikin dashen albasa wata farar mota ta gangaro kwarin. Mutum uku ne a ciki, ma'aikatan hukumar da take kula da harkar sadarwa. Sun san ya kamata, gidan maigari suka fara sauka, suka cire takalma suka yi gaisuwa. Babbansu wani injiniya ne mai suna Abdulaziz, ba zai wuce sa'ar ƙanen Ubaidu ba. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da wani abu mai kama da eriya yana juya shi a hankali, abin kuwa ya yi ta jan su har ƙofar zauren Ubaidu. Aka aika fadama aka kira shi, ya zo da laka a ƙafa.

Injiniyan ya nemi izini ya shiga, ya kashe na'urar, ya sa aka yi magana da wani abokin aikinsu da ke can gindin ƙarfen sabis ta wata wayar ta daban. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Sannan ya zauna a tabarma ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce ƙarfen sabis kamar mai sauraro ne, wayoyin mutane suna yi masa magana, na kusa da ƙarfi, na nesa a hankali. Ita wannan na'ura ba jawo sabis kawai take yi ba, ihu take yi a kunnen ƙarfen ba dare ba rana, sai ya kasa jin na nesa. Ya ce an daɗe ana kai ƙara daga wannan yanki, su kuma sun daɗe suna neman inda ihun yake fitowa.

Ubaidu ya ce akwai kuskure a maganar, don tasa mai tambari ce. Ya sauko da ita da kansa, ya juya bayanta, ya nuna ukun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka nuna masa. Injiniyan ya karɓa. Ya ce biyun nan na jikin ƙarfe kowa yana iya buga su, ko da na gaskiya ne ma ba su ne izinin ƙasar nan ba. Sai ya sa farce a gefen koren, ya ɗaga, abin ya taso kamar ɓawon albasa. Ya ce hukumarsu ba ta taɓa gwada wannan na'ura ba balle ta amince da ita, wani ne kawai ya buga takarda ya manna.

Mutanen da suka cika ƙofar zauren suka fara gunaguni, amma Ubaidu bai ji su ba. Ya dubi injiniyan.

"Ranka shi daɗe, waɗanne garuruwa na abin ya shahwa?"

Injiniyan ya nuna gabas da hannu, ya ce duk waɗanda suke gefe-gefe, musamman na bayan tudun can.

"Ko da waya na nuna sabis?"

"Ko da tana nunawa, Malam. Ita tana jin ƙarfen, shi ne ba ya jin ta."

Ubaidu ya ba shi labarin Auwal a taƙaice, ya tambaye shi ko na'urarsa ce ta hana kiran fita. Injiniyan ya dubi na'urar da ke hannunsa. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan kira ɗaya ba, abubuwa da yawa suna hana kira shiga. Ubaidu ya ce to zai iya rantsuwa ba ita ba ce? Ya ce wannan ma ba zai iya ba.

Ba su tafi da Ubaidu ba. Maigari ya tsaya masa, ya shaida cewa bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba, shi kuma ya faɗi inda ya saya. Suna naɗe wayar baƙar ne Tani ta yi magana daga bayan asabari, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban baƙi maza. Ta ce tana da yarinya mai sikila, ita kaɗai ta rage mata, su bar mata abin ko da a kashe ne, ta yi alkawari ba za ta kunna ba sai ranar da ciwo ya tashi. Injiniyan ya sunkuyar da kai. Ya ce ba shi da ikon barin ta. Ya ce irin wadda aka amince da ita kamfani ne kaɗai yake sakawa, ba a sayar wa mutum a shago, amma zai rubuta cewa garin nan yana bukatar ƙarfe, zai kuma bi maganar. Ya bar wa Ubaidu lambarsa. Da gaske yake yi, kowa ya ga haka a fuskarsa. Suka sauke eriyar, suka bar gorar a tsaye.

Ranar kasuwa Ubaidu ya tafi Bodinga. Ya tarar mutanen hukumar sun riga sun biya ta shagon Ɗanmusa, an kwashe masa kaya, kantocin rabi babu komai. Ya zaci zai ga mutum mai kunya, sai ya ga mai jin an zalunce shi. Ya tambaye shi wa ya manna koren. Ɗanmusa ya ce shi ne mana. Ya ce in ya sari kaya, na'urori a kwali suke zuwa, tamburan kuma a wata leda daban, a ce masa ya manna kafin ya sayar.

"Kasuwag ga duka haka a ka yi, Malam. Caja, batir, rediyo, duk. Ni na ɗauka haka doka tac ce. Da na san ƙarya ta, in sa wa uwata irinta a gida?"

Ubaidu ya zo da magana cike da baki, amma ya rasa wanda zai zuba wa. Wanda ya ba Ɗanmusa ledar yana wani birni, shi ma wani ya ba shi. Yana juyawa zai fita Ɗanmusa ya rage murya, ya ce akwai wata ƙarama da ba su gani ba, ba ta da ihu kamar waccan, in yana so. Ubaidu bai waiwaya ba.

Tani ta roƙe shi kada ya je rugar. Ta ce injiniyan ma bai tabbatar ba, me zai sa ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba. Ya ji ta, amma abinci ya daina wuce masa, in ya tsaya salla sai ya rasa raka'ar da yake. Wata yamma ya hau tudun ya gangara. Ya tarar da Altine zaune yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa ya faɗa masa komai, tun daga shagon Bodinga har abin da injiniya ya ce da wanda ya ƙi cewa. Altine bai daina tufka ba. Matar Auwal ta wuce da ƙwarya a kai, cikinta ya fito.

"Kwananai sun ƙare," in ji Altine a ƙarshe. "Ko waya ta shiga, kwananai sun ƙare." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Amma da ba ka hwaɗa min ba, Ubaidu. Da ina zagin kamfani, ban san huskassu ba. Yanzu kuwa taka na sani."

Bai yi masa faɗa ba, har ma ya rako shi bakin garke kamar kullum. Sai dai matan rugar suka canja hanya, suka daina biyowa ta ƙofar Tani, babu kuma wanda ya tambayi dalili.

A gari kuwa, mutanen da suka ɗanɗana kira daga zaune sun kasa komawa hawan tudu. Rani bai ƙare ba Lawali ya haɗa kan wasu suka sayo wata. Wannan karon ba a kafa gora ba, a cikin rassan darbejiyar gidan Lawali aka ɓoye eriyar. An ce sai lokaci-lokaci za a riƙa kunnawa, amma wannan yana jiran kiran dillali, wancan ɗansa yana hanya, har aka daina kashewa. Ubaidu ya tsaya bayan sallar la'asar ya yi magana, ya tuna musu da abin da injiniya ya ce, ya ambaci Auwal. Lawali ya amsa masa a gaban jama'a, ya ce mutanen tudu sun daɗe suna kira su suna kwari babu wanda ya tausaya musu, kuma duk wannan abu wa ya fara kawo shi garin? Maigari ya kawar da kai yana jan carbi, don shi ma yana da ɗa a nesa.

Lambar injiniyan tana cikin wayar Ubaidu. Kira ɗaya zai yi farar motar ta dawo. Ya sha fito da ita ya duba, sai ya tuna tsohuwar nan da ke kiran sunan ɗanta, ya tuna cewa da mutanen nan zai yi salla, su za su wanke shi in ya mutu, sai ya mayar da wayar aljihu. Abin da ya iya kawai shi ne ya haramta wa kansa da gidansa zauren Lawali. Sau ɗaya ya kira injiniyan daga Shagari ya tambayi maganar ƙarfe, aka ce masa an rubuta, ana jira, kamfani yana duba yawan mutanen wurin. Tunga mai gidaje 'yan kaɗan, shi ma ya san amsar.

Damina ta yi tsakiya, Ilham ta jiƙe a hanyar rijiya, washegari ciwo ya tashi. Wannan karon ba ƙafa da hannu kaɗai ba, har ƙirji, numfashinta yana fita guntu-guntu. Da azahar ne, ana yayyafi. Tani ta dube shi, ta dubi wajen gidan Lawali. Ya ɗauki waya ya nufi tudu, yana zamewa a laka yana dafa ƙasa. A gindin aduwar ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Sabis ya fito. Ya kira Murtala, kiran bai fita ba. Ya matsa gaba, ya hau wani dutse, ya sake, ya sake. Da can ko an daɗe a ƙarshe yakan shiga. Sai ya gane cewa tudun ma yanzu yana cikin na nesa da ba a jin su, na'urar garinsu ta rufe shi. Daga inda yake tsaye yana hango bukkokin rugar Altine a cikin ruwan, hayaƙi yana fita daga ɗaya.

Ya gangaro da gudu, ya wuce ƙofar gidansa yana jin nishin yarinyar, ya shiga zauren Lawali. Mutanen da suka fake wa ruwa a ciki suka matsa suka ba shi wuri. Babu wanda ya yi masa gori, Lawali ma tabarma ya tura masa da ƙafa. Bai zauna ba. Kira ɗaya Murtala ya ɗauka.

Motar ta maƙale a hanya, sai da matasa suka tura, amma an kai Ilham asibiti. Daga Shagari aka wuce da ita Sakkwato, ta daɗe a kwance, aka yi ta ƙarin jini. Ta tashi, sai dai ciwon ya ci mata ƙashin ƙugu, ba ta iya tafiya sai da sanda. Ranar da aka sallame su Tani ta yi masa magana a bakin asibiti, a tsaye, ba tare da kuka ba. Ta ce ta binne biyu a kwarin nan, ba za ta mayar da ta ukun ba. Akwai yayanta a Bodinga da ɗaki a gidansa, can za su zauna, kusa da titi, kusa da asibiti. Ba rabuwa take nema ba, in zai iya ya biyo su. Ubaidu ya san ba zai iya ba. Fadamarsa ce take sayen magani, fadama kuma ba a ɗaukar ta a kai. Ya ce ya yarda.

Da kaka ta zo aka kwashe gero, karan gonarsa ya bushe a tsaye babu saniyar da ta shiga. Daga baya ya ji a kasuwa cewa Altine ya tashi da rugarsa gaba ɗaya sun yi kudu, wai ciyawa ta yi ƙaranci. Bai zo sallama ba.

Ubaidu yana nan a Tungar Daso, shi kaɗai a gidan, matar Lawali ce take aiko masa da tuwo. Ƙarfe bai zo ba, farar motar ma ba ta dawo ba tukuna. Akwai sauran ƙauyuka a bayan tudun, ya san sunayensu, ya san wasu daga cikin mutanensu, kuma har yanzu in ya haɗu da su a kasuwa yakan ji suna kukan waya. Ba ya tanka musu. In zuciyarsa ta kasa haƙuri yakan shiga zauren Lawali ya jira a gama, ya kira Bodinga. Ba ya daɗewa, don gani yake kowane kira nasa yana tare na wani a bayan tudun. Ya tambayi jikinta, ya tambayi magani, shi ke nan. Ilham kuwa tana da labari da yawa, na makarantar da aka sa ta, da ƙawar da ta yi, da yadda take iya zuwa bakin titi da sandarta. Takan tambaye shi yaushe zai zo.

"In na cire albasa," yakan ce. "Ki gaida innakki."

Sau da yawa tana tsakiyar magana yake kashewa.